Mu 14 za mu Ayutthaya daga Bankok: yaya za mu tsara yinin?

Tambaya: "Assalamu alaikum. Mu 14 ne 'yan kasuwa daga Kano, maza 9 mata 5, cikinmu da dattawa biyu masu ciwon gwiwa. Za mu je Bankok sari a watan Janairu, kuma akwai yini ɗaya da ba mu da aiki. Wani kamfanin yawon buɗe ido ya kawo mana tsarin zuwa tsohon birnin Ayutthaya: wuraren bautar Buda guda tara, da hawan giwa, da kasuwar kan ruwa, duk a yini guda. Ni aka ɗora wa jagorancin tafiyar. Mu karɓa? Sannan mu Musulmi ne. Ina za mu yi salla, me za mu ci, kuma me za a tilasta mana yi a waɗannan wurare?"

Wa alaikumus salam, Alhaji. Tambayarka kashi biyu ce: ko tsarin da aka kawo muku zai yiwu ga mutum 14, da kuma yadda Musulmi zai shiga tsohon birnin mabiya Buda ya fito bai ci abin da bai kamata ba, bai rasa salla ba, bai kuma ɓata wa masu gari rai ba. Amsar ta farko a taƙaice ita ce kada ku karɓa yadda yake. Ku rage wuraren zuwa huɗu ko biyar, ku ɗauki motarku ta kanku, ku ɗora yinin a kan zafin rana da lokacin salla. Ta biyun kuwa rabin warwararta na ga sanin cewa wuraren Ayutthaya iri biyu ne, kufai da kuma gidajen ibada masu rai, kuma kamfanoni ba su cika bambanta muku su ba.

Garin da za ku je

Ayutthaya na arewa da Bankok da misalin kilomita 80. Sarki U Thong ne ya kafa shi a 1350, ya zama babban birnin ƙasar Siyam, wato Tailan ta yau, har shekara 417. Tsibiri ne, koguna uku sun kewaye shi: Chao Phraya, Pa Sak da Lopburi. Ruwan nan shi ne ganuwarsa, shi ne kuma hanyar kasuwancinsa, don jiragen ruwa daga teku suna hawowa har bakin gari. 'Yan Fotigal sun iso a 1511, sannan Japanawa, 'yan Holan, Faransawa, Sinawa da Farisawa, kowane da unguwarsa. Ku da kuke 'yan kasuwa, nan ne labarin zai fi kama ku, ku ce wa mai rakiya ya tsaya a kansa.

A 1767 sojojin Bama, ƙasar da ake kira Myanmar yanzu, suka ci garin bayan doguwar kewayewa, suka ƙone shi. Ba a sake mayar da sarauta can ba. Da aka tashi gina Bankok a 1782, har tubalin Ayutthaya aka riƙa lodawa a jiragen ruwa ana kai wa sabon birnin. Shi ya sa abin da za ku gani yawancinsa jan tubali ne tsirara, farar shafen da ke jikinsa ta zube, rufin katako ya ƙone tun tuni. UNESCO ta sa wurin cikin wuraren tarihi na duniya a 1991.

Za ku ga jerin mutum-mutumin Buda babu kawuna. Wasu yaƙin ne ya sare su, da yawa kuma ɓarayin kayan tarihi ne suka yanke daga baya suka sayar wa masu tarawa a ƙasashen waje.

Dalilin da tara ba za su yiwu ba

Lissafin kamfani na mutum biyu ne masu ƙafa. Ayarin mutum 14 kowace tsayawa tana cin kusan minti 15 da ba a kallon komai a cikinsu: a sauka, a yanki tikiti, wani ya nemi banɗaki, wata ta tsaya sayen hula, a ƙirga mutane, a hau. Sau tara, sama da awa biyu sun tafi ke nan. Ka cire awa uku na zuwa da dawowa, ka cire abinci da salla, sai ka tarar kowane wuri minti 20 ya samu. Daga na huɗu kuma duk tubali ya zama iri ɗaya a ido, dattawa su ce a bar su a mota, a koma Bankok kowa na cika yana batsewa.

Akwai kuma abin da arhar tsarin ke ɓoyewa. Tafiya mai rahusa sau da yawa daga kamisho take mayar da kuɗinta, a tsaya da ku a shagon duwatsun ado ko na tsaraba inda mai rakiya ke da kaso. Kasuwar kan ruwan da ke Ayutthaya domin baƙi aka gina ta, ba tsohuwar kasuwa ba ce. Hawan giwa kuwa layi ne da jira, giwa ɗaya mutum biyu, a cikin rana, ga kuma ƙorafin da ake yi kan yadda ake horar da dabbobin. Ni dai da zan zaɓa muku, duka biyun na cire.

Kufai da gidajen ibada masu rai

Kalmar Wat, wato wurin bautar Buda, da za ku gani a gaban sunayen tana kan duka biyun, shi ya sa ake ruɗewa. Wat Mahathat, Wat Ratchaburana, Wat Phra Si Sanphet da Wat Chaiwatthanaram kufai ne a hannun hukumar adana kayan tarihi. Ana yankar tikiti a ƙofa, ana yawo da takalmi a fili, ba sufaye a zaune, ba wanda zai miƙo maka turare. Wat Phanan Choeng da Wat Yai Chai Mongkhon da zauren Phra Mongkhon Bophit kuwa ana ibada a cikinsu yau ɗin nan. A can za ku tarar da mutane a durƙushe, hayaƙin turare, furen bado, ana manna siririn ganyen zinare a jikin mutum-mutumi, sufaye cikin mayafinsu ruwan lemo.

Ko a nan ɗin ba a tilasta wa baƙo ya rusuna, ko ya haɗa tafin hannu, ko ya ba da sadaka. Idan an miƙo fure ko turare, murmushi da girgiza kai sun wadatar. Hukuncin shiga wurin bautar wani addini kuwa ba fannina ba ne, na malamanku ne. Abin da zan ce shi ne ka kai wa malamin wannan bambancin tun kuna gida, don fatawa kan kallon rusasshen gini daban take da ta shiga zauren da ake sujada a ciki. Ka kuma tambayi mutanenka ɗaya bayan ɗaya kafin ranar. In akwai masu ƙyamar shiga, tsarin da ke ƙasa kusan dukkansa kufai ne, wurare biyu masu rai na bari a matsayin zaɓi.

Yadda yinin zai tafi

Ku bar otal ƙarfe shida da rabi na safe, kafin cunkoson Bankok ya kankama. Wajen takwas kuna Ayutthaya, daidai lokacin buɗe ƙofa. Ku fara da Wat Mahathat, wanda aka fara ginawa a 1374, nan ne kan Buda na dutse yake maƙale cikin saiwoyin bishiya, hoton da duk duniya ta san garin da shi. Da sassafe babu layi, da ƙarfe goma kuwa motocin Bankok sun sauke jama'a. Ƙa'idar wurin ita ce mai ɗaukar hoto da kan ya tsuguna ko ya zauna, kada kansa ya ɗara na Buda tsawo, kuma akwai mai gadi da ke lura. Wanda bai son tsugunawa a gabansa sai ya ɗauki bishiyar daga nesa ba tare da shi a ciki ba, ba wanda zai ce masa uffan. Awa ɗaya ta isa.

Tsallaken titi kawai Wat Ratchaburana yake, da ƙafa za ku je. An gina shi a 1424 a inda aka ƙone gawar 'ya'yan sarki biyu da suka kashe juna a kan giwaye wajen neman gadon sarauta, ƙaninsu ya hau ya gina wurin. Hasumiyarsa na tsaye da sauran adonta. A nan za ku koyi bambanta gini biyu da suka cika garin: prang, mai siffar goyon masara, salon Khmer na ƙasar Kambodiya, da chedi, mai siffar ƙararrawa da tsini a sama, salon da ya samo asali daga Siri Lanka. Duka biyun ma'ajiya ce ta abubuwan da suke girmamawa ko tokar manya, ba ɗakin taro ba. A 1957 ɓarayi suka fasa ɗakin ƙarƙashin wannan hasumiya suka kwashi zinare, aka kama wasu, aka ƙwato wani kaso. Matakalar hawa a miƙe take, dattawanku su zauna a inuwa. Minti 40.

Daga nan sai Wat Phra Si Sanphet, mai chedi uku a jere da ke ɗauke da tokar sarakuna uku. Wurin ibadar fada ne, sufaye ba su taɓa zama a cikinsa ba. Da can akwai mutum-mutumin Buda a tsaye mai tsawon mita 16 lulluɓe da zinare, Bamawa suka sa wuta suka narke zinaren. Zauren Phra Mongkhon Bophit na maƙwabtaka da shi, wanda ke so ya leƙa ya cire takalmi ya leƙa, saura su jira a rumfunan masu sayar da kaya. A nan ne aka fi ɓatar da mutane, saboda ƙofar shiga daban, wurin ajiye motoci daban, ga rumfuna a tsakani. Kafin a watse ka nuna abu guda da kowa zai gane, ka faɗi ƙarfe nawa za a haɗu a wurin.

Sha ɗaya ta yi, rana ta fara cizo. Ko a Janairu, da yake lokacin sanyinsu ne, tsakar rana na haura digiri 30, kuma zafin ba irin na Kano ba ne, akwai laima a iska, gumi ba ya bushewa, tubalin kuma na mayar da zafi. To lokacin gidan tarihi na Chao Sam Phraya ke nan, inda aka ajiye zinaren da aka samo daga Ratchaburana da Mahathat: kayan sarauta, takobi, 'yar giwa ta zinare da duwatsu a jikinta. Akwai sanyi, akwai wurin zama, akwai banɗaki mai kyau. Ba ya buɗewa ranar Litinin, don haka in kuna da zaɓi kada yininku ya faɗo a Litinin. Asabar da Lahadi kuma 'yan ƙasa ke cika garin.

Kusa da gidan tarihin, a cikin harabar jami'ar Rajabhat, akwai kabarin Shehu Ahmad, ɗan kasuwa daga birnin Ƙum na Farisa da ya zo a farkon ƙarni na 17, ya samu muƙami a fada, ya zama shugaban Musulmin ƙasar na farko mai riƙe da sarautar Chularatchamontri, wadda har yau ake naɗawa. Kamfanoni ba sa sa shi a tsari sai an nema. Minti 15 ne.

Abinci da salla

Daga sha biyu da rabi zuwa biyu da rabi ku bar wa ci da salla da hutu. Ayutthaya na da tsohuwar al'ummar Musulmi da masallatai da dama, musamman kudu da tsibirin a tsallaken kogi, wajen Khlong Takhian, inda masallacin Takia Yokin yake, akwai kuma na Kudi Chofa. Yawancinsu Shafi'awa ne. A Janairu azahar na shiga wajen sha biyu da rabi, magariba wajen shida. Abin da ke rikita mutanenmu shi ne alƙibla: a Tailan yamma ake fuskanta, a ɗan karkata arewa. Wanda ya shimfiɗa darduma ya dubi gabas bisa sabo ya ba Ka'aba baya. Batun ƙasaru da haɗa salloli ya danganta da kwana nawa kuka yi niyyar zama a Bankok, ku warware shi da malami tun kafin tashi. Banɗakunan ƙasar galibi suna da tiyon ruwa, tsarki ba ya wahala, amma 'yar buta a mota ba ta da nauyi.

Abincin da garin ya yi suna da shi wata taliya ce a baƙin romo, wadda ake kira taliyar kwalekwale. A yawancin shaguna da naman alade ake yinta, kuma da jini ake kaurara romon, har a ta naman sa. Kada ku ci sai a shagon Musulmi. Ana gane shagon da rubutun halal na Larabci, ko jinjirin wata da tauraro, sau da yawa mai abincin na sanye da hijabi. Kayan leda kuma a duba tambarin halal na majalisar Musulunci ta ƙasar, mai siffar lu'ulu'u. Alade a harshensu mu ne, kaza kai, cewa "mai sai mu" na nufin kada a sa alade. Sai dai wannan ba ya tsarkake kaskon da aka soya alade yanzu, saboda haka ba madadin shagon Musulmi ba ne. Manyan jatan landen kogi da ake gasawa suna da daɗi amma da tsada, a kan kilo ake sayarwa, a tambayi kuɗin kafin a ɗora a wuta. Tsarabar garin ita ce roti sai mai, alawa mai zare-zare kamar auduga da ake naɗewa cikin siririyar waina, kuma sana'ar Musulmin garin ce tun asali. Shagunanta na jere a titin U Thong kusa da asibitin gari.

Mutum 14 ba sa faɗawa ƙaramin shago ba sanarwa. Mai rakiya ya buga waya tun jiya, a faɗi yawanku, a zaɓi abinci uku ko huɗu a kawo a tsakiya. In kowa ya ce sai ya zaɓi nasa daga takardar da ba ya iya karantawa, awa ɗaya ta tafi kafin cokali ya shiga baki. A ce a rage barkono saboda dattawa.

Da yamma, masu so su je Wat Yai Chai Mongkhon, gabas da tsibirin, inda Sarki Naresuan ya gina babban chedi a ƙarshen ƙarni na 16 don tunawa da nasararsa a kan Bamawa. Wuri ne mai rai, an gyara shi, mutum-mutumin duk da kawunansu da rawayen mayafi, a nan za ku fahimci yadda kufan safe suke kafin wuta. Sannan ku rufe da Wat Chaiwatthanaram a bakin kogi, wajen huɗu da rabi. Sarki Prasat Thong ya gina shi a 1630, hasumiyar tsakiya mita 35, ƙanana na kewaye da ita. Fili ne shimfiɗaɗɗe, masu ciwon gwiwa za su iya. Za ku ga 'yan ƙasa sun yi hayar tufafin gargajiya suna hoto. Ku tashi biyar da rabi, ku yi magariba a garin in kun so, ku sa ran dawowar za ta fi zuwan daɗewa.

Mota, mai rakiya da kuɗi

Jirgin ƙasa na zuwa daga Bankok, arha ne ƙwarai, amma tashar na tsallaken kogi, sai an ƙetara an nemi a-daidaita-sahun garin, masu benci biyu a baya da ke ɗaukar mutum kamar shida, ana biya a kan awa. Ga matasa huɗu dabara ce mai kyau. Ga ku, a-daidaita uku ne da direbobi uku da ba sa jin Turanci, ɗaya ya ɓace sai yini ya lalace. Ku ɗauki hayis biyu, ko ƙaramar bas ɗaya. Kada ku yarda a cusa ku 14 da mai rakiya a hayis guda. A rubuta yarjejeniya: awa nawa, kuɗin mai da na babbar hanya a wuyan wa, nawa ne ƙarin awa, kuma ba tsayawa shago sai kun ce.

Aikin rakiyar baƙi a Tailan na 'yan ƙasa ne masu lasisi, suna rataye da katinsu. Akwai masu Larabci saboda baƙin ƙasashen Larabawa, akwai Musulmi a cikinsu, ku nemi irinsu, sun san masallaci da shago ba sai an yi bayani ba. Ka naɗa mutum ɗaya mai fassara zuwa Hausa, ka ce wa mai rakiya ya riƙa yanka magana gajeru. Tikitin shiga kowane kufai daban ne, kuɗin baƙo ya fi na ɗan ƙasa, an daɗe ana biyan baht 50 na kuɗin ƙasar, amma ku tambayi na yanzu. Mutum ɗaya ya tara kuɗin a hannu, ƙananan takardu, ya yanka wa kowa. Kowace mota da mai ƙirga mutanenta, kowa da katin otal a aljihu, kowa da ruwa aƙalla lita biyu da lema.

Abin da ke jawo matsala

Sutura ba za ta dame ku ba, dokar ita ce a rufe kafaɗa da gwiwa, kaftani da hijabi sun wuce haka. Ku sa takalmin da ke fita da sauƙi, da safa, don daɓen na ƙuna. Ba a hawa kan gini, ba a zama kan mutum-mutumi, ba a tsayawa bayan mara kai a ɗora fuska don hoto. Wannan na ƙarshen matasa ke yi da wasa, kuma yana iya kaiwa ga 'yan sanda. Ba a miƙe ƙafa ana nuna Buda ko mutum da tafinta, ba a shafa kan yaro. Hajiyoyi su sani mace ba ta taɓa sufi, ba ta miƙa masa abu hannu da hannu, in hanya ta matse ta ja gefe. Ka ja kunnen masu son muhawara su riƙe ra'ayinsu, ko da Hausa ne, dariya da nuni ba sa buƙatar tafinta.

Maganar sarki da gidansa a bar ta kwata-kwata, dokar ƙasar na ɗaure wanda ya ci zarafinsu shekara 3 zuwa 15, kuma hotonsa na jikin kuɗi, in takarda ta faɗi kada a take ta da ƙafa. Sigarin lantarki haramun ne a dokarsu. Fitar da mutum-mutumin Buda daga ƙasar na buƙatar izini. Motoci ta hagu suke bi, wajen tsallaka titi dama ake fara dubawa, a nan ne sabonmu ke cutar da mu. Karnukan kufai da rana barci suke, da magariba sai a kiyaye su.

Janairu lokaci ne mai kyau. In tafiyar ta matsa zuwa Afrilu, zafi ya kai maƙura ga bikin watsa ruwa na Songkran daga 13 zuwa 15 ga wata. Satumba da Oktoba kuma koguna ke cika, a 2011 ruwa ya mamaye garin har Chaiwatthanaram ya daɗe a cikinsa, a irin wannan lokaci a tambaya ko wuraren bakin kogi a buɗe suke kafin a biya kuɗin mota.